Ƙugi, huci da muryar da: fashin baƙi kan amsa-kuwwar amfilifayar jita mai kwalba

Ka kunna tsohuwar amfilifaya mai kwalba (wato irin wadda take ƙara ƙarfin sauti da ƴan kwalaben gilashi masu kama da ƙwan fitila) da daddare, lokacin da gida ya yi tsit. Ka ba ta minti ɗaya ko biyu kwalabenta su ɗauki zafi, har ka hango jan garwashin nan a cikinsu ta bayan akwatin. Kada ka taɓa jitar tukuna. Ka kai hannu kan maɓallin da aka rubuta wa Reverb, wato amsa-kuwwa, ka murɗa shi a hankali daga 1 zuwa 3, zuwa 5, zuwa 7. A yawancin tsofaffin injinan nan, wani abu zai taso daga lasifika tun ba a kaɗa tsirkiya ko ɗaya ba. Ko dai huci siriri kamar iska na fita daga taya, ko ƙugi mai kauri kamar an tada inji a can nesa, wani lokacin ma tartsatsi kamar an watsa gishiri a wuta.

Idan ka yi ƙorafi, amsar da za ka ji daga makaɗa da masu sayar da irin waɗannan kaya ba ta wuce guda: ai haka tsofaffin suke, a cikin muryar yake, wanda yake son tsohuwar zuma sai ya haƙura da ɗan dattinta. Ni ban yarda da wannan magana ba, kuma tana damuna, domin ta sa mutane da yawa suna zaune da inji marar lafiya suna yi masa kirari. Faya-fayan shekarun 1960 da ake ta bege a kansu, ba da tsofaffin amfilifayoyi aka ɗauke su ba. A lokacin sababbi ne ful, wasu ko wata shida ba su yi da fitowa daga masana'anta ba. Muryar da ake kira ta da, muryar sabon inji ce mai ƙoshin lafiya. Abin da shekaru sittin suka ɗora a kai, na tsatsa da bushewa da danshi, wani abu ne daban, kuma amsa-kuwwa ita ce wurin da yake fara nuna kansa.

Dabarar samar da amsa-kuwwa da sifirin ba don jita aka ƙirƙiro ta ba. Laurens Hammond, mai kamfanin molon lantarki (organ, mai maɓallai kamar fiyano) na Hammond a Amurka, shi ne ya nemi lasisin mallakar fasahar a 1939, aka ba shi a 1941. Matsalarsa ita ce molon nasa yana shiga ƙananan ɗakuna masu labule da darduma, inda sauti yake mutuwa nan take, alhali kunnen mutane ya saba jin irin wannan kiɗa a manyan gine-gine masu mayar da amo. Zuwa wajen 1960 kamfanin ya ƙanƙanta na'urar ta zama ɗan akwatin ƙarfe da za a iya ɗauka da hannu ɗaya, sauran kamfanoni suka fara saye. A 1961 Fender, kamfanin Leo Fender da a lokacin yake Fullerton a jihar Kalifoniya, ya fito da na'urar amsa-kuwwa mai zaman kanta, 6G15, wadda makaɗa irin su Dick Dale suka gina salon kiɗansu a kanta. A 1963 ya cusa ta cikin amfilifayar Vibroverb, daga nan kuma Deluxe Reverb mai wat 22, da Twin Reverb mai wat 85, da sauran danginsu suka biyo baya. Tsarin wayoyin da akasarinsu suke kai, wanda ake kira AB763, shi ne har gobe kamfanoni manya da ƙanana suke kwaikwaya, saboda haka da shi zan yi misali.

A gindin akwatin, a bayan lasifika, akwai jakar leda baƙa a kwance. Ka zare abin da ke ciki, za ka ga tanki: doguwar tasar ƙarfe mai tsawon inci 17, kusan santimita 43, buɗe ta gefe ɗaya. A cikinta an rataye wani ƙaramin faranti a kan ƴan sifirin huɗu don kada girgizar waje ta same shi, a kan farantin kuma an miƙe dogayen sifirin guda biyu masu laushi, kowanne haɗin biyu ne da aka ɗaure a tsakiya. A kowane ƙarshe akwai ɗan mayen ƙarfe wanda bai fi ƙwayar hatsi ba, yana zaune a bakin wani naɗin siririyar waya. Idan sautin jita ya shiga naɗin farko a matsayin lantarki, sai ya riƙa murɗa mayen ƙarfen dama da hagu. Murɗawar ta bi jikin sifirin har ɗaya ƙarshen, cikin kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin dubu na daƙiƙa. A can sai mayen ƙarfe na biyu ya motsa, naɗin wayar da ke kusa da shi ya mayar da motsin lantarki. Amma murɗawar ba ta ƙarewa a nan. Tana dawowa baya, ta sake komawa, tana kai da komo tana raguwa, har tsawon daƙiƙa uku ko huɗu a dogon tanki. Da yake sifirin biyun ba lokacinsu ɗaya ba, amonsu yana cakuɗewa ya zama kamar na ɗaki. Sannan sifirin ba ya tafiyar da kowane sauti da gudu ɗaya, wani yana riga wani isa, shi ya sa idan aka danne tsirkiya da tafin hannu aka fisge ta ake jin wannan ɗigon kamar na ruwa a cikin rijiya. Babu wani ɗaki a duniya da yake yin wannan ɗigo. Aibin sifirin ne, kuma shi ne mutane suka ƙaunata.

To ga inda gizo ke saƙa. Tankin nan ɓarnatacce ne ƙwarai wajen ƙarfi. Kafin a iya motsa sifirin, sai da aka keɓe masa kwalba guda sukutum, 12AT7, aka haɗa ɓangarorinta biyu wuri ɗaya, aka ba ta ƴar taransfomarta, tamkar dai ƙaramar amfilifaya ce a cikin babba, wadda maimakon lasifika take tura tanki mai om 8. Duk da wannan ƙoƙari, abin da yake fitowa ta ɗaya bakin ƴan milibolt ne kawai (milibolt kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt), ya fi abin da jitar kanta take fitarwa rauni nesa ba kusa ba. Dole a sake ɗaga shi. Wannan aiki an ba rabin kwalbar 12AX7, wadda take ninka abin da aka ba ta sau hamsin zuwa sittin, daga nan ya bi ta maɓallin Reverb, ya haɗu da asalin sautin jitar, sauran matakan amfilifayar kuma su ƙara ninka shi. Kwalba ba ta san bambancin kiɗa da hayaniya ba. Duk abin da ya samu shiga tsakanin bakin tanki da ƙofar wannan kwalba, komai ƙanƙantarsa, za a ɗaga shi daidai da yadda ake ɗaga amsa-kuwwar. Wannan ɗan tsakanin, wanda bai wuce waya mai tsawon kamu biyu ko uku ba, shi ne wuri mafi rauni a dukan injin.

Kafin mu shiga nau'o'in hayaniyar, yana da kyau a ga daga ina daɗin yake zuwa, don a san abin da ba a taɓawa. A hanyar shiga kwalbar 12AT7 akwai ƴar kapasita (abin da ke ɗan riƙe lantarki ya sake shi) mai 500pF, a bayanta rasista (abin da ke takure hanyar lantarki) mai om miliyan 1. Su biyun nan matata ce. Suna fara rage duk sautin da girgizarsa ta gaza kimanin sau 320 a daƙiƙa. Tsirkiyar jita mafi kauri tana girgiza sau 82 a daƙiƙa, mafi siranta kuma, idan ba a danne ta ba, sau 330. Ke nan kusan dukan kaurin jita ba ya kai wa ga sifirin da ƙarfinsa. Shi ya sa amsa-kuwwar waɗannan injina take shawagi a saman kiɗan, fes, ba ta jagule shi. Na sha ganin an ƙara girman wannan kapasita wai don amsa-kuwwar ta yi nauyi, sakamakon kuwa laka ce. Haka kuma a wurin haɗuwa, asalin sautin jitar yana ratsa wata babbar rasista mai om miliyan 3.3, wadda take karya shi ya koma kusan kashi ɗaya cikin ashirin don ya yi daidai da raunin na tanki, a kanta kuma an ɗora ƴar mitsitsiyar kapasita mai 10pF da take barin kaifin sauti ya tsallake. Wannan ƙyalƙyalin da ake ji a tashar Vibrato, wato hanyar shigar jita mai amsa-kuwwa, ta waɗannan amfilifayoyi, wani kaso nasa daga nan yake. Sai dai duk sautin da aka karya aka sake ɗagawa, yana tasowa ne da ɗan huci a bayansa. Tsarin da ya ba da daɗin shi ne ya ba da wannan kason hucin, kuma wannan kaɗai ne na yarda a ce a cikin muryar yake.

Huci iri biyu ne. Akwai wanda ba shi da magani. A 1928 John B. Johnson da Harry Nyquist, masana a ɗakunan binciken Bell a Amurka, suka nuna cewa kowace rasista, komai kyanta, tana fitar da ƴar hayaniya saboda zafin jikinta kawai, kuma gwargwadon girman rasistar gwargwadon hayaniyar. Ita ma kwalba tana da tata, domin lantarkin da ke ratsa ta ba ya zuba sumul kamar mai, yana zuwa ne tsaba-tsaba kamar yayyafi a kan kwano, abin da Walter Schottky ya bayyana tun 1918. Irin wannan huci laushi gare shi, ba ya hawa ba ya sauka, kuma a lafiyayyen inji sai ka kusanto da kunne, ko ka kai maɓallin can sama, kafin ya dame ka. Da ka kaɗa tsirkiya ɗaya ya ɓace.

Na biyun shi ne mai tartsatsi, mai canja yanayi, wanda yake ƙaruwa idan injin ya yi rabin awa a kunne. Wannan cuta ce. Mafi yawan lokaci daga rasistocin da ake yi da dunƙulen garin gawayi yake fitowa, masu launin ƙasa-ƙasa da zane-zanen fenti, musamman masu om 100,000 da suke ɗauke da babban lantarki zuwa kwalaben farko. Garin gawayin yana shan danshi, ƙimar rasistar tana gocewa sama, lantarki kuma yana tsalle tsakanin ƙwayoyin maimakon ya bi hanya ɗaya. Wani lokacin kuma ramukan da ƙafafun kwalba suke shiga ne suka yi datti ko suka saki. Har allon da aka jera kayan a kai, wanda a tsofaffin injina irin takarda ce mai tauri, yakan sha danshi ya fara ɗan zurarar da lantarki ta inda bai kamata ba.

Ƙugi kuwa shi ne ya fi wahalar da mutane, amma yana da wata fa'ida: yana faɗin sunansa idan ka saurare shi. Lantarkin gida yana juyawa sau 50 a daƙiƙa a Turai da Afirka da akasarin Asiya, sau 60 a Amurka da Kanada. Ƙugin da yake daidai da wannan adadi yana can ƙasa da tsirkiya mafi kauri, kusan a ƙirji ake jin sa. Wanda yake ninki biyu, wato 100 ko 120, yana cikin muryar jita. Inda lantarki yake 50, ka danne tsirkiya mafi kauri a gaɓa ta uku ka kaɗa: idan amonta ya kusan haɗuwa da ƙugin, to na 100 ne. Inda yake 60, ka neme shi tsakanin gaɓa ta ɗaya da ta biyu a tsirkiya ta biyar. Mai ninki biyun nan kusan kullum yana nufin manyan kapasitocin da suke tace lantarki sun gaji. Akwai ruwa-ruwan sinadari a cikinsu, yana bushewa da shekaru, ko ana amfani da injin ko yana ajiye. Mai ƙasa-ƙasan kuma yana zuwa ne ta hanyar wayoyin bolt 6.3 da suke ɗumama kwalabe, ko kwalbar da ɗumaminta yake yoyo a ciki, ko haɗin ƙasa da ya lalace, ko kuma, a batunmu na amsa-kuwwa, ta iska.

Ta iska, domin naɗin wayar da ke bakin fitar tanki ba shi da bambanci da abin ɗaukar sauti na jikin jita. Zagaye dubbai ne na siririyar waya a kan ƙarfe, yana jiran motsin maganaɗisu. Babbar taransfomar amfilifaya kuwa tana watsa irin wannan motsi a kewayenta ba dare ba rana. Shi ya sa a masana'anta ake kwantar da tankin ta yadda bakin fitarsa zai yi nesa da taransfomar. Idan wani ya taɓa cire shi ya mayar a juye, ƙugi ya samu gida. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: amfilifayar da aka ƙera don lantarkin Amurka, idan ta je ƙasar da take da bolt 230, sai an haɗa ta da taransfomar rage ƙarfi, mutane kuma sukan ajiye wannan taransfoma a ƙasa daf da bayan akwatin, ko ma a cikinsa, kusa da tanki. Ga shi kuma taransfomar da aka naɗa don 60 tana ƙara zafi da watsa maganaɗisu idan aka sa ta aiki a 50. Matsar da ta wajen taku biyu kawai yakan kashe rabin ƙugin.

Na taɓa zama da wata tsohuwar amfilifaya da ta kusan sa ni fid da rai. Shiru take kamar ba a kunna ba idan amsa-kuwwa tana kan 1, amma da an wuce 4 sai ƙugi ya cika ɗakin. Mai ita ya riga ya sayi sababbin kwalabe har sau biyu, ya kuma sayi sabon tanki, abin bai canja ba. Na cire jitar, na cire wayar takun ƙafa da ake kunna amsa-kuwwa da kashe ta, ƙugin yana nan. Na zare wayar da ke dawowa daga tanki, na toshe ramin da fulogin da na haɗe bakinsa da jikinsa, sai tsit. Ke nan kwalbar da abin da ke bayanta lafiyarsu ƙalau, laifin yana waje. Na fito da tankin daga jaka na yi ta juya shi a hannu, ƙugin bai ragu ba bai ƙaru ba, saboda haka ba ta iska yake shiga ba. Saura waya. Da na duba fulogin da kyau a ƙarƙashin fitila, sai na ga haƙoran zoben wajensa sun buɗe, cikinsu ya yi toka-toka da tsatsa, ramin da yake shiga shi ma ya dushe kamar tsohon kwabo. Ta wannan zobe ne ragar da ta lulluɓe wayar take haɗuwa da jikin injin, ita ce kuma garkuwar da ke tare hayaniya. Na goge su har suka yi ƙyalli, na matse haƙoran da filaya, na mayar. Na kai maɓallin har 8, babu abin da ya rage sai ɗan hucin nan mai laushi. Muka mayar da tsohon tankin ma, domin ba shi da laifin komai, kuma ya fi sabon daɗi a kunnenmu mu biyu.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma hanyar gano dalilin ita ce a riƙa yanke injin gida-gida maimakon a riƙa sayen kaya. Maɓallin kansa shi ne shaida na farko: duk hayaniyar da take mutuwa idan an mayar da shi ƙasa, kafin maɓallin take shiga. Wayar takun ƙafa abin zargi ce babba, domin a wannan tsari tana manne kai tsaye da ƙofar kwalbar da ke ɗaga sautin tanki, doguwa ce kuma, idan ragarta ta tsinke ta zama eriya. Cire kwalbar 12AT7 yana nuna ko matsalar daga ɓangaren turawa take. Wanda yake da mita zai iya auna tankin kansa: irin wanda ake sa wa waɗannan injina, mai lamba 4AB3C1B, bakin shigarsa yana nuna kusan om 1, na fitarsa kimanin om 200. Idan mitar ba ta nuna komai ba, galibi ɗaya daga ƴan siraran wayoyin da ke cikin tankin ce ta tsinke a gindin ramin fulogi, saboda shekarun jijjiga a mota. Idan kuma an musanya wayoyin biyu, ta shiga ta koma ta fita, amsa-kuwwar za ta yi rauni, hayaniya ta yi yawa. Lambar nan ba ado ba ce. Kowane harafi yana faɗin wani abu: girman tanki, nauyin shiga da na fita, tsawon amo, wane rami ne yake haɗe da jikin ƙarfen, da yadda ya kamata a kwantar da shi. Tankin da ya yi kama a ido amma harafinsa ɗaya ya bambanta zai iya buɗe wa ƙugi sabuwar hanya ta haɗin ƙasa.

Akwai kuma kuka, wanda yake farawa a hankali ya yi ta hawa har sai an rage maɓalli. Yawanci lasifika ce take girgiza akwatin, akwatin ya girgiza sifirin, sifirin ya mayar wa lasifika, abin ya yi ta zagayawa. Jakar ledar nan da kwalin da ake rufe bakin tanki da shi maganin wannan ne, kuma ba a ɗaure jakar tamau da kusa, so ake ta ɗan yi lilo. Kwalba ma takan zama kamar makirfo idan kayan cikinta suka saki: ka ƙwanƙwasa ta a hankali da gindin fensir, idan ka ji ƙararrawa a lasifika, ta gama aiki a wannan kujera. Idan duk wannan bai yi ba, akwai wata kapasita mai 25µF da ɓangarori biyu na kwalbar 12AX7 ɗin nan suke tarayya a kanta. Idan ta bushe, sai ɓangaren baya ya riƙa yi wa na gaba raɗa, kukan ya tashi ko da lasifika ba ta da ƙarfi.

A nan dole in tsaya in yi magana ba wasa. Duk abin da na ambata na goge fulogi, juya tanki, ko canja ƙananan kwalabe bayan an kashe injin ya huce, ana yin sa daga waje. Amma cikin farantin ƙarfen akwai lantarki sama da bolt 400, kuma manyan kapasitocin suna riƙe shi ko bayan an zare waya daga bango. Yana kisa. Wanda bai koyi yadda ake sauke shi da auna shi ba, ya kai wa mai gyara. Haka tsofaffin injinan da suka zo da fulogi mai ƙafa biyu da wata kapasita tsakanin layin wuta da jikin ƙarfe: idan ta lalace, wutar bango tana iya hawa tsirkiyar jita. A sa waya mai ƙafa uku, a cire wannan kapasita. Ba ta da hannu a daɗin sauti ko kaɗan.

To me ya rage a cikin muryar da, idan an kwashe hayaniyar? Abubuwa da yawa, kuma dukansu ana iya nuna su da yatsa. Lasifika ce kan gaba, irin su Jensen da Oxford na wancan zamani, masu takarda marar nauyi, waɗanda ba sa fitar da abin kirki sama da girgiza 5,000 a daƙiƙa, saboda haka suna tausasa kaifin jita, suna kuma ɓoye wani kaso na hucin. Sai taransfomar fita, wadda idan ƙarama ce take matse kauri lokacin da aka tura ta. Sai kwalbar da ke daidaita lantarki, kamar GZ34 ta cikin Deluxe Reverb, wadda idan aka bugi tsirkiya da ƙarfi takan ɗan durƙusa kafin ta miƙe, makaɗi ya ji sautin yana numfashi a ƙarƙashin yatsunsa. Twin Reverb ba ta da wannan kwalba, shi ya sa take tsaye ƙyam. Sai tsarin maɓallan sauti da yake rage tsakiya ya bar kauri da kaifi. Sai yadda kwalba take lanƙwasa sauti sannu a hankali idan ya yi mata yawa, maimakon ta datse shi. Har tsarin shimfiɗa wayoyi yana da tasiri. Bayan kamfanin rediyo da talabijin na CBS ya sayi Fender a 1965, a injinan ƙarshen shekarun 1960 da na 1970 an ƙara wasu ƙananan kapasitoci a ƙofar manyan kwalabe don hana injin kukan da kunne ba ya ji, kuma makaɗa da yawa suna ganin sun ɗan dushe kaifin.

Saboda haka ra'ayina a kan gyara ya rabu biyu, kuma ina riƙe da ɓangarorin biyu da ƙarfi ɗaya. Kapasitoci masu ruwan sinadari, manya da ƙanana, a canja su idan sun tsufa, ba tare da jin an yi wa tarihi laifi ba. Kayan ƙarewa ne kamar taya. Wanda ya bar su don ya ce injinsa bai taɓa ganin dalma ba, yana jefa taransfomar da ba za a sami irinta ba cikin haɗari. Rasistar gawayi da aka tabbatar tana tartsatsi a ɓangaren ɗaga amsa-kuwwa, a sa mata sabuwa marar hayaniya. Gaskiya ne rasistar gawayi tana ɗan lanƙwasa sauti idan lantarkin da ke kanta yana lilo da faɗi, amma a wurin da sautin bai wuce ƴan milibolt zuwa ƴan bolt ba, abin da take bayarwa huci ne kawai. A ɗaya ɓangaren kuma, kada garin neman gira a rasa ido. Na ga injinan da aka kwashe musu komai a yini ɗaya, har da shuɗayen kapasitocin nan da ke tsakanin matakai, waɗanda akasarinsu lafiya lau suke bayan shekara sittin, kuma aunawa ɗaya take nuna mai yoyo a cikinsu. Aka canja lasifika, aka canja tanki, aka miƙe wayoyin da ma'aikatan farko suka lanƙwasa da dalili. Injin ya yi shiru, amma mai shi ya kasa gane muryarsa, kuma ba wanda zai iya cewa wane canji ne ya tafi da ita, tunda an yi su duka a tare. Abu ɗaya a canja, a kunna, a saurara, sannan a matsa gaba. Abin da aka cire kuma a zuba a ƴar jaka a ajiye wa mai injin.

Kwalbar 12AT7 da ke tura tanki ta cancanci kulawa ta musamman. Takardar masu ƙera ta ta ce iyakarta bolt 300, amma a wannan tsari tana zaune ne a kan sama da 400, shi ya sa takan riga sauran ƙananan kwalaben gajiya. Wasu suna ɗauka tunda ƙafafunsu iri ɗaya ne za a iya sa 12AX7 a madadinta don amsa-kuwwar ta ƙaru. Ba ta da ƙarfin tura taransfoma, sautin zai fito a murƙushe. Wanda yake ganin amsa-kuwwar ta yi masa yawa tun daga 3, ya fi masa ya gwada 12AU7 a wannan kujera: tana tura sifirin a hankali, ɗigon ya ragu, amon ya yi laushi. Sai dai ya sani cewa idan ya rage abin da ke shiga tanki, zai buƙaci ɗaga maɓallin sama kafin ya sami amon da ya saba, hucin ɓangaren fita kuma zai taso tare da shi. A na'urar 6G15 mai zaman kanta an ba makaɗi wannan zaɓi a hannunsa, da maɓallin Dwell na turawa da Mixer na haɗawa, kuma waɗanda suka daɗe da ita sukan ɗaga na farkon su sassauta na biyun idan suna son amo mai yawa a ɗaki mai shiru.